An Rufe wa Hajiya Alhamis

Gadarif, farkon yankan riɗi, 2013

Zuwa ga ƙanwata Halimatu Sadiya, a Fau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki, da yara, da gonar. Mu nan lafiya lau, sai hayaniyar kasuwa. Husaini direba zai kawo miki wannan tare da buhun dawa. Buhun na gida ne, takardar taki ce ke kaɗai.

'Yarki Iman ta fitar da mu kunya, karatun Khartoum bai tafi a banza ba. Kin san yadda wakalarmu, gidan cinikin hatsin da Baba ya bari, ta koma tun da muka ja shabaka, intanet ɗin nan. Mai awo yana kallon ƙwallo, lori na tsaye a kan sikeli. Magatakarda yana kallon fim ɗin Turkiyya har da share hawaye, mai saye daga Masar yana jiran hoton samfur. Daga baya wani ya kwaso cuta daga wani shafi da ba zan faɗa miki irinsa ba, kwamfutar sikeli ta kwanta ranar da kasuwa ta fi cika.

To Iman ta kawo wani ɗan akwati, bai kai tiren da ake kawo gahawar jabana ba, ta dasa shi a bayan teburina. Duk abin da zai shigo mana daga waje sai ya bi ta cikinsa, kamar yadda lori ba ya shiga kasuwar hatsi sai ya tsaya a ƙofa. An kasa duniya kashi-kashi: caca, batsa, ƙwallo, fina-finai, hira, kiran bidiyo. Ki sa alama a gaban abu, ya rufu. Ki ce a buɗe wa wannan kwamfuta a hana waccan, sai a yi. Ki ce a buɗe lokacin faɗur, kalacin hantsi, a rufe bayan an ci, sai a yi. Na ce mata, da za ki samo mini irinsa na bakin dillalai da na ƙara miki albashi.

Da ma a ƙasar nan makulli biyu muka sani. Ki danna wani wuri, Amurka ta ce ba da ku ba. Ki danna wani, hukuma ta ce haram. Yanzu ga na uku, kuma shi a aljihuna yake.

Akwai wata 'yar magana da nake so ki ji daga gare ni kafin ki ji daga wani. Kin san mahaifiyarmu Hajiya tana zuwa wakala duk Alhamis bayan la'asar don ta ga ƙaninmu Mahmudu daga Jidda a babban gilashin kwamfutar ofishina, tunda kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin waya sai tana kallon baki. To kiran bidiyo yana cikin abin da aka rufe. Shi ne ya fi komai shanye layi. Iman ta ce, "Kawu, bari in ware kwamfutarka, aikin minti ɗaya ne." Na ce a'a. Mai wuri ba ya kafa doka ya fara tsallake ta. Yaran nan idonsu a kaina yake.

Hajiya kuwa na ce mata hukuma ce ta rufe. Wa zai musa? Ba su ne suka yanke shabakar ƙasa gaba ɗaya kwanakin baya ba? Na kuma sa Iman ta cire sunan wakala daga shafin da yake fitowa in an taɓa abin da aka hana, don kada tsohuwa ta ga sunan Baba ranta ya ɓaci.

Kada ki ce komai tukun. Ba ki taɓa ganin Alhamis ɗin nan ba. Tun safe ake turara tob, mayafin nan na fita unguwa, a shafa humra. Humra, Halima, don gilashi! Ta shigo, in miƙe in ba ta kujerata, in aika a kawo jabana da citta yadda take so, in tsaya a gefe kamar ɗan dako. Da fuskarsa ta fito sai ki ji, "Mahmudu! Mahmudu na! Ka rame, ba ka cin abinci?" Mutum ya cika gilashi har kunnuwansa ba sa shiga, wai ya rame. Ni da nake kai ta asibitin ido, ni da na gyara rufin ɗakinta kafin damina, ba a taɓa tambayata ko na karya ba. Sunana ma ma'aikatana ba su taɓa jin sa a bakinta ba. "Kai, ƙara murya." "Kai, matsa, ka tare haske." Shi ke nan rabona.

Ba don wannan na rufe ba, don aiki ne. Na faɗa ne kawai don ki san yadda abin yake. Ki ja wa Iman kunne ta riƙe bakinta.

Ki gaishe da mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Zakari

*

Fau

Yaya Zakari,

Wa'alaikumus salam. Mun ga dawa, Allah ya ƙara buɗi. Yara suna gaishe ka. Na so in kira ka, na fasa, domin a waya kai ne mai magana ni mai "to".

Iman ba ta gaya mini komai ba, sai dai ta kira ni tana kuka ta ce tana son ta bar aikin. Da na karanta takardarka na gane dalili. Ka sa yarinya ta kalli kakarta ta yi shiru a kan ƙarya. Wannan kaɗai ya isa in yi fushi da kai.

Ka ce don aiki ne. Lorin wa yake hawa sikeli ranar Alhamis bayan la'asar? Ni ma a kasuwar nan na girma, Yaya.

Maganar suna kuwa ka ba ni dariya. Kai ne ɗan fari. Wace uwa ce a dangin nan ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari, ko ta tambaye shi cikinsa a gaban mutane? Kakarmu Inna Ummusalama har ta rasu ba ta faɗi sunan Baba ba. Ni kaina Iman "ke" nake ce mata, ka taɓa jin ta kai ƙara? Gemunka ya yi furfura, kana da jika, yanzu za ka zauna kana kishin auta?

Ga abin da kai ba ka gani ba. Hajiya ta ce mini takan iso wakala tun azahar, alhali kiran sai bayan la'asar. Ka taɓa tambayar kanka me take yi a kujerarka duk tsawon wannan lokaci? Ta ba ni labarin yadda ka kori wani dillali da ya kawo riɗi gauraye da yashi, tana kwaikwayon muryarka har tari ya sarƙe ta. Ba za ta faɗa maka ba. Ba a yin haka.

Ba zan gaya mata ba, ba zan gaya wa Mahmudu ba, domin ba na son in zama wadda ta haɗa ku. Amma ka buɗe. Ka ce hukuma ta sake shawara, ai ka iya.

Ka gaishe da uwargida Hanatu da yara.

Ƙanwarka,
Halimatu Sadiya

*

Jidda, ta imel

Zuwa ga babban yayana Zakari Abduljalil,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa ta ladabi da girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da iyali baki ɗaya. Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da mahaifiyarmu, wadda mu na nesa ba mu da abin biyanta sai addu'a.

Yaya, na yi ta kira Alhamis ɗin da ta wuce da wadda ta gabace ta, bai shiga ba. Na ga saƙonka cewa hukuma ce ta rufe. La haula wa la ƙuwwata. Na san ka yi iyakar ƙoƙarinka, domin in akwai mai iya buɗe ƙofa a Gadarif kai ne.

Abin da ya ɗaure mini kai, akwai wani abokin aikina a shagon kayan gyara, ɗan Omdurman, shi yana ganin iyalinsa lafiya lau. Ko rufewar ta wajenku ce kaɗai?

Na gwada Hajiya a waya. Ina ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, ita kuwa tana cewa, "Wane ne? Mahmudu ne? A ce masa ina ji," alhali ba ta ji. Na ajiye wayar na kasa cin abinci. Likitanta ya ce idon hagu ma ya fara. Ina tsoron kada a buɗe layin a lokacin da ba zai amfane ta ba.

In akwai ofishin da ake kai takarda, ka gaya mini, in rubuta daga nan.

Ƙaninka mai biyayya,
Mahmudu

*

Gadarif, tsakiyar kaka

Halima,

Salamu alaikum. Lafiya muke, riɗi ya yi kyau bana, na Fashaga ma ya fara isowa. Na karanta wa'azinki. Da kin yi namiji da mun ba ki mumbari.

Ɗan'uwanki ya rubuto mini, da ladabin nan nasa mai sa mutum ya ji kamar ya ci bashi. Wai ɗan Omdurman yana ganin iyalinsa. Na amsa masa cewa Omdurman ba ta kan iyaka, mu kuwa Habasha tana bayan gidanmu, sha'anin tsaro ne, kada ya kuskura ya rubuta wa kowane ofishi ya jawo mana 'yan tambaya. Ya ce na yi gaskiya, Allah ya ƙara mini basira. Kin ji. Shi wannan ko tallan ruwa ba zai iya ba a kasuwar Gadarif, amma shi ne ake turara wa tob.

Zancen aiki kuwa, akwatin nan ya biya kansa. Takardun kaya suna tafiya kafin ki ƙifta ido. Yaran sun yi ta gunaguni, har mai awo ya gano wata hanya ta zagaye, Iman ta toshe ta washegari. Da na ga fuskoki sun yi tsami na buɗe musu ƙwallo lokacin faɗur. Ma'aikaci kamar jaki yake, in kin ja igiya sai ki ɗan sassauta.

Hajiya ba ta daina zuwa ba da farko. Takan zo cikin tob ɗinta, ta zauna, ta ce, "Kai, gwada." In danna, farin shafin nan ya fito. Ta dube shi, ta dube shi, ta sha jabana, ta tashi. Na ce a raina, to yanzu za a yi hira da mai wuri. Na kawo zancen farashi, na kawo zancen Baba da yadda ya fara da tabarma ɗaya a bakin kasuwa. Ta saurara, ta ce, "Ai Mahmudu ne ya ɗauko tafiyarsa." Na kai ta wajen mai yadi na ce ta zaɓi wanda ranta ke so. Ta zaɓi shuɗi ta ce a ajiye, sai ranar da aka buɗe. Da, rana ɗaya ce tasa a mako. Yanzu duk kwanakin nasa ne.

Rannan na dawo da ita daga asibiti da hantsi, muka biya ta wakala, muka tarar da yaran sun kewaye kwanon wake suna ihu a kan ƙwallo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan ba ta cikin wayar yake zuwa ba?" Na ce ta ciki ne, amma shi an bari. Ta ce, "Ikon Allah. Hukumar nan tana son ƙwallo, ba ta son ɗana." Iman ta sunkuyar da kai kamar za ta shige ƙarƙashin tebur. Ni na yi dariya, na ce ai kin san su, Hajiya.

Tun ranar ba ta sake zuwa ba. Alhamis sai in ga mai jabana ya leƙo, in ce ya wuce.

Zan buɗe, ba sai kin sake rubutowa ba. Amma ba yanzu ba. In na buɗe bayan maganar ƙwallon nan kamar na amsa laifi ne. Bari a gama kaka, abin ya huce, sai in shigo mata da albishir in ce na je har Khartoum na yi magana da manya. Ko sau ɗaya a ce ni na kawo.

Ki ce wa maigidanki gyaɗarsa ta sami mai saye.

Yayanki,
Zakari

*

Jidda, ta imel

Babban yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali.

Albishirinka! Tunda ka ce mini sha'anin tsaro ne, na san ba abu ne na kwana kusa ba, sai na daina jira. Na je wajen mai gidana na zauna a ƙofar ofishinsa har ya gaji da ganina. Alhamdu lillahi, takardar bizar Hajiya ta fito. Za ta zo ta zauna tare da mu, a duba idonta a nan, ta yi umara. Matata Rabi'atu ta riga ta share mata ɗaki.

Ban gaya maka tun farko ba don kada in ƙara maka nauyi, kana tsakiyar kaka. Na aika wa Hajiya saƙo ta hannun limamin unguwa da ya dawo daga nan, ta ce ta yarda. Ta ce kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, Gadarif ta riƙe su, ita za ta ƙarasa musu.

Yaya, kai ka ɗauki nauyinta shekara da shekaru. Ka huta, ni ma in sami ladan. Wallahi ba don bayanin da ka yi mini ba da har yanzu ina nan ina danna kira kamar wawa.

Abin da nake roƙo kawai ka sa ta a jirgi.

Ƙaninka,
Mahmudu

*

Gadarif

Halima,

Salam. Ki bar duk abin da kike yi ki biyo Husaini.

Kin san da wannan? In kin sani kika yi shiru, Allah ya isa tsakanina da ke. In ba ki sani ba, ki ji: autan Hajiya ya aiko da biza. Ba ziyara ba, zama. Kowa ya sani, har limami, sai ni da nake kwana katanga ɗaya da ita.

Ina gama karantawa na ce wa Iman ta buɗe. Ta dube ni ta ce, "Wanne, Kawu?" kamar ba ta sani ba. Na ce kiran bidiyo, a kowace kwamfuta, har ta sikeli in ana so. Ta taɓa abu ɗaya ta ce an gama. Sai da na ji haushin saurinsa.

Na tari raksha, babur mai ƙafa uku, na tafi gida. Na same ta a kan gado, Hanatu tana ninke mata kaya, shuɗin yadin nan a sama an riga an ɗinke bakinsa. Na durƙusa kusa da kunnenta na ce, "Hajiya, albishir! An buɗe! Yau ma in kina so sai mu je, ba sai Alhamis ba."

Ta ce, "Wa ya buɗe?"

Na ce, "Hukuma."

Ta ce, "Madalla. Allah ya shirye ta. Ita ma ai uwa ce ta haife ta."

Hanatu ta fice da sauri kamar an kira ta. Na ce to tunda an buɗe, tafiyar ta mece ce? Ga gilashi babba, zan sayo wanda ya fi shi, in kawo shi har ɗakin nan in ja waya. Na ce Jidda ɗaki ne a saman bene, babu tsakar gida, babu maƙwabciya, wa zai dafa miki jabana yadda kike so? Na yi magana, Halima, irin wadda nake sayar da dawar bara da ita a farashin ta bana. Ta bar ni na gama, ta ce, "Abin da ake rufewa a buɗe ba da sanina ba, na daina dogara da shi. Idona ya kusa tafiya. In ya tafi, gilashi ba ya taɓuwa." Sannan ta ce, "Kai, miƙo mini carbina, ga shi nan ka danne shi."

Ni ba na cewa kada ta yi umara. Ta je ta dawo. Amma zama? Shekarun da suka rage mata a ba wa wanda bai san ko wane magani take sha da safe ba? Shi ya yi ta samu a kwance tun yana goye, yanzu har wannan.

Ke tana jin maganarki. Ki zo ki ce mata kabarin Baba yana nan. Ki ce jikoki za su yi kuka. Ki ce duk abin da ya zo bakinki, ni zan tabbatar.

Yayanki da ke jiranki,
Zakari

*

Fau

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ban sani ba sai daga takardarka. Zan zo ranar Litinin, amma don in taya ta ɗaure kaya.

Ka rubuta wa Mahmudu magungunanta dalla-dalla.

Halimatu Sadiya

*

Gadarif, ta imel

Mahmudu,

Salamu alaikum. Na ji kun isa gida lafiya, alhamdu lillahi. Ɗigon ido kafin ta karya ne, ba bayan ba. Citta a jabana, kada Rabi'atu ta sa kanumfari.

Layinmu ya dawo daidai. Ranar Alhamis bayan la'asar zan kira. Ka zaunar da ita inda haske zai sami fuskarta, ka ƙara murya, sannan ka fita ka ja ƙofa. Kada in ga kanka a bayanta kana washe baki. Kai kana da sauran kwanakin.

In ta ce ta gaji, ka ce mata ina nan zaune, zan jira.

Yayanka,
Zakari